Ramar da Ruwa Ya Cinye

Alhaji Shitu bai ko gama cire takalmi ba ya tsaya da ƙafa ɗaya a waje, ya ce, "Wannan ce Mas'udar?"

Ita ce mana, wace ce kuma? Ɗaki ɗaya ne, yarinya ɗaya ce a cikinsa. Amma Turai ta san abin da wan mijinta yake nufi, don ita ma duk sanda ta zo yi wa yarinyar wanka sai gabanta ya faɗi. Da kakar bara suka baro Kano, ita da 'yar, suka biyo mijinta Abdulrauf nan Guangzhou inda yake karatun injiniya. A lokacin Mas'uda 'yar shekara bakwai ce mai kumatu, wadda in ta zauna gaban kwano sai an janye shi. Yanzu ga ta nan, bayan ƙaramar sallar shekarar casa'in da takwas, wuya kamar mariƙin lema, ido ya yi zuru-zuru, rigar makaranta tana yawo a jikinta.

Ba ciwo ba ne, likita ya duba. Abinci ne ba ta ci.

Makarantar da ta yarda ta karɓi 'yar baƙi tana can bakin gari, inda benaye suke ƙarewa gonakin ganye su fara. Mota biyu ake hawa kafin a je, saboda haka ba halin dawowa gida cin rana. Manoman ƙauyen da ke jikin makarantar su ne suke kawo kayan miya kowace safiya a keke mai ƙafa uku, ganye shar da raɓarsa, abin sha'awa. Sai dai mai girkin ba ta san wani mai ba bayan kitsen alade, da shi take soya komai. Abdulrauf ya je ya yi bayani, aka ce to, za a riƙa ba ta farar shinkafa. Ya ce za su riƙa haɗo ta da abinci daga gida, aka ce wannan kam a'a, dokar makaranta ce, abin da bai fito daga gonakin nan ko lambun makaranta ba ba ya shiga bakin ɗalibi. Haka aka ware wa Mas'uda ɗan tebur a bakin ƙofa, ita kaɗai da kwanonta, tana kallon sauran yara suna ci suna surutu. Tun tana tsakura har ta daina. Cikin ya saba da wofi, in ta dawo gida ma loma biyu take yi ta ture.

Alhaji Shitu ya zauna, ya sha ruwa, ya dubi ƙanensa. Ɗan kasuwa ne, kayan sawa yake saro wa Kantin Kwari, kuma shi ne babba a gidansu tun rasuwar mahaifinsu.

"Abdulrauf, yarinyar nan a hannun kakarta Hajiya ta tashi. Ba don ta so ba ta bari kuka taho da ita. Me zan je in ce mata? Zan dawo bayan babbar sallah in ɗauki sauran kayana. In na tarar da ita haka, ƙafata ƙafarta."

Abdulrauf ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Yaya."

To! Ka ji namiji. Turai tana durƙushe wajen risho, amma ba ta da bakin magana. Mas'uda 'yar fari ce. A gidan da Turai ta tashi, mace ba ta nuna tana son 'yar fari a gaban dangin miji, ko sunanta ba ta kamawa. "Ke" take ce mata, ko "yarinyar nan". Abin da ta iya faɗa ke nan, "Yaya Alhaji, shayin zai huce."

Da baƙo ya tafi ta ce, "Malam, yanzu sai ka ce to?"

"Me kike so in ce? Ƙarya ya yi? Ko so kike ta mutu a hannunmu a ƙasar mutane?"

Ba ta so. Amma ba ta kuma son ta zauna a ɗakin nan ita kaɗai, a garin da ba ta jin yarensa, 'yarta tana wata duniya. Karatun Abdulrauf da saura sosai, ta san in yarinyar ta tafi sai ta zama budurwa kafin ta sake ganinta. Ta jawo Mas'uda ta ɗora a cinya, abin da ba ta yi sai ba kowa.

"Ke, gaya mini tsakaninki da Allah, me za a ba ki ki ci?"

Yarinyar ta ce, "Kwaɗon rama irin na Hajiya."

Rama a Guangzhou. Turai ta kusa dariya, sai kuma ta tuna ƙullin da innarta ta cusa mata a akwati ranar tahowa, irin rama da ɗan na yakuwa, wai ko za ta samu inda za ta yafa. Ina za ta yafa a hawa na biyar, a ɗakin da ko rana ba ta leƙowa? Amma makaranta tana da lambu, kuma abin da ya fito a lambun makaranta ai abincin makaranta ne.

Washegari ta bi yarinyar har aji. Malamar ajin, Malama Lin, wata siririya ce mai tabarau da ke ɗan jin Turanci, Turai kuma tana da nata na sakandare. Da shi da hannu da ƙullin iri suka fahimci juna. Malama ta kai ta bayan kicin. Kowane aji yana da 'yar gonarsa, yara suna fitowa a koya musu shuka da cire ciyawa, kuma wata tsohuwa daga cikin manoman da ke kawo ganye, wadda kowa ke kira Apo, ita ce mai koya musu. A can ƙarshe jikin katanga akwai fili da ba a taɓa ba. Shugaban makaranta ya ce a ba ta. Ya ce in abin ya fito za a sayi sabuwar tukunya a riƙa dafa wa yarinyar, gyaɗa kuma da ma akwai ta a kicin.

Ran nan Turai ta dawo gida kamar an yi mata bushara da Aljanna. Ita fa 'yar Kura ce, a lambun babanta ta buɗe ido, tun ba ta kai tsawon kotar fartanya ba take ban ruwa. Washegari ta ari fartanyar makaranta, ta ɗaure zani ta shiga. Ta haƙe ƙasar ta yi mata zurfi kamar faranti, ta kewaye da ɗan gefe, fangali bayan fangali, yadda in an zuba ruwa zai kwanta ya tsuma ƙasa, ko ɗigo ba zai gudu ba. Ta dubi gonakin yaran, duk an tayar musu da kunya mai tudu har kusan gwiwa, ga lambatu a tsakani, ta taɓe baki. Wa yake kunya da rani? Ɓarnar ruwa kawai.

Apo ta zo ta tsaya a kanta da malfarta mai faɗi. Ta dubi fangalin, ta girgiza kai, ta shiga magana da yarensu ba tsayawa. Ta nuna sama, ta kaɗa yatsu ƙasa, ta tara ƙasa da tafin hannu ta yi ɗan tudu ta nuna wa Turai. Turai ta ɗaga kai ta dubi saman. Tun da ta zo ƙasar nan ba ta ga abin da za a kira ruwa ba, sai sanyi da hazo da ɗan yayyafi. Wata na uku ake ciki, damina ai sai wata na shida, kafin nan ta ci ramarta ta siɗe hannu. Ta yi wa tsohuwar murmushi ta ce "Shiye-shiye," wato na gode, ɗaya daga cikin 'yan kalmomin da ta iya. A ranta kuwa cewa take, tsohuwa ki ji da ganyenki, ni ba yau na fara ba. Malama Lin tana aji a lokacin, ba wanda ya fassara.

Ta yafa irin duka. Ba ta rage ko ƙwaya ba, don fili ya samu kuma lokaci ba ya jira.

Ramar ta fito, wallahi ta fito. Kullum Turai ta raka yarinyar sai ta tsaya ta ɗebo ruwa a famfo ta shayar, ta tsuguna tana kallon 'yan kunnuwan suna buɗewa. Mas'uda ma in an tashi tara sai ta zo ta tsaya jikin katanga, ta ce, "Umma, yaushe za a ci?" Tambayar nan kaɗai ta ishi Turai abincin yini. Ganye ya kai tsawon yatsa, ya wuce, ta fara lissafa ranar tsinka a zuci.

Ana gama babbar sallah sama ta ɓalle.

Ba irin ruwan gida ba ne da zai zo da iska da tsawa ya zuba ya wuce rana ta fito. Wannan tsayawa ya yi kamar an buɗe famfo an manta. Ya kwana, ya yini, ya sake kwana. Da ta ce da Abdulrauf wane irin ruwa ne wannan a wata na huɗu, sai ya ɗago daga littafinsa ya ce, "Au, ban gaya miki ba? Ai nan damina da wuri take sauka, kuma haka za a yi ta yi."

Ban gaya miki ba. Mutumin da ya shekara uku a garin, yana ganinta kullum tana dawowa da taɓo a ƙafa, bai taɓa tambayar yadda ta yi gonar ba. Ta dube shi, da kallo yana kisa da an yi jana'iza a ranar.

Da ta isa makaranta, gonakin yara suna nan tsaf a kan tudunsu, ruwa yana bin lambatu yana gangarawa. Ina yake gangarawa? Wurin da ya fi ko'ina zurfi, wanda ita da hannunta ta haƙa. Fangalinta ya zama kududdufi, sai kawunan rama ke leƙowa nan da can. Ta shiga har ƙwauri da robar wanke-wanke tana kwarfewa. Ta kwarfe, sama ta mayar. Ta fasa gefe don ruwan ya fita, sai na waje ya ƙara shigowa. Ta yini a haka, zani ya manne mata a jiki, yara suna leƙenta ta taga. Apo ta zo da rigar ruwa ta kama hannunta tana ja, Turai ta fizge. Ba tsohuwar take jin haushi ba, kanta take ji, amma tsohuwar ce a kusa.

Da ruwan ya ɗan tsagaita bayan kwanaki ta tuge guda ɗaya. Saiwar ta yi baƙi, ta yi laushi, tana wari. Ta tuge wata, haka. Ta zauna a bakin lambatu ta yi kuka mai sauti, ba ta damu da wa ke gani ba.

Daga nan ba inda ba ta shiga ba. Ta bi 'yan kasuwar Kano a masaukinsu tana tambaya ko wani ya zo da busasshiyar rama, suka yi mata dariya, wai su da suka zo sayen kaya wa zai ɗauko ganye. Ta aika wurin Harouna, wani ɗalibi ɗan Maraɗi da aka ce ba ya rabo da kayan gida, ya aiko da 'yar kuka a leda ya ce iyakarta ke nan. Ta zana ganyen rama a takarda ta bi masu sayar da iri a kasuwa, kowa ya duba sai ya kaɗa hannu ya ce "Meyo," babu. Kalmar nan ta ji ta har ta tsane ta. A gida ta yi lallashi, ta yi alkawarin 'yar tsana, ta yi tofi a ruwa. Wata rana ta danne yarinyar ta yi mata ɗura kamar jaririya, Mas'uda ta amayar a kan tabarma, Turai ta kai mata mari. Ba ta taɓa dukanta ba sai ranar. Yarinyar ba ta ma yi kuka ba, kallonta kawai ta yi, Turai ta shiga banɗaki ta toshe baki da zani.

Ta daina zagayawa bayan kicin. In ta kai yarinyar bakin ƙofar makaranta sai ta juyo, ba ta son ko ganin katangar.

Alhaji Shitu ya dawo kamar yadda ya ce. Wannan karon bai yi tambaya ba. Ya kama hannun Mas'uda, ya zagaye damtsenta da yatsa biyu har suka haɗu, ya saki. Ya ce da Abdulrauf ya je ya yi abin da ya kamata game da takardunta, jirginsu ranar Laraba ne daga filin jirgin Baiyun. Turai tana nan wajen risho. Ba wanda ya dube ta, ba wanda ya gaya wa yarinyar, wai kada ta tayar da hankali, a bari sai ranar.

Ranar Talata da rana Turai ta je makaranta kwaso bargon da yarinyar ke barcin rana da shi da ɗan kwanonta. Malama Lin ta tare ta a baranda fuska a sake, ta ja hannunta zuwa bayan kicin. Turai ba ta so, amma ta bi.

Kududdufin nan ya rufe da kore. Ba rama ba ce, wani ganye ne mai tsini, karansa da rami a ciki kamar bututu, ya bi saman ruwan ya yi luf. Malama ta yi mata bayani a hankali. Da Apo ta ga ruwan ya ƙi tafiya sai ta kawo guntayen wannan ganye daga gonarta, shi ruwa yake so. Aka fito da 'yan ajin, kowa ya tuɓe takalmi ya soka nasa a taɓo, har da Mas'uda. Yau aka yi yankan fari. Malama ta ce tunda da hannunsu duka suka shuka, ba za a ware kowa ba. Ta sa mai girki ta ɗauko sabuwar tukunyar nan da aka saya don ramar, wadda ba a taɓa ɗorawa ba, ta soya wa ajin gaba ɗaya da man gyaɗa da tafarnuwa.

"Zo ki gani," in ji Malama.

Turai ta leƙa ta tagar ɗakin cin abinci. Ɗan teburin bakin ƙofa ba kowa. Ta bi dogon benci da ido, sai ga Mas'uda a tsakiyar wasu 'yan mata biyu, ta kafa kai a kwano, tana tura shinkafa da ganye da tsinken cin abinci yadda suke yi, maiƙo har haɓa. Ta ƙaras, ta ɗaga kwanon sama tare da sauran tana kiran mai girki da yarensu. Aka ƙara mata. Ta sake kafa kai.

Turai ta dafa bango. Ashe ba rama ba ce. Wata da watanni tana haƙa tana kwarfe tana bin kasuwa, ashe yarinyar benci take so. Ta bar bargo da kwano a nan ta fita da gudu.

Ta san inda za ta same su. A Baima, ƙatuwar kasuwar tufafin nan, Alhaji yana ɗaure dilolinsa na ƙarshe, Abdulrauf yana yi masa tafinta. Ta kutsa cikin 'yan dako da masu turo kaya, mayafi a hannu, tana haki. Ta durƙusa a gaban dilar da Alhaji ke zaune a kai.

"Yaya Alhaji, ta ci. Da idona na gani, har ƙari ta karɓa. Don Allah don Annabi a bar mini ita."

Abdulrauf ya zaro ido ya ce, "Turai, a kasuwa muke."

Ba ta ko dube shi ba. Kunyar da ta riƙe shekara bakwai ta zubar a nan gaban Sinawa da 'yan Kwari biyu da ke tsaye. "'Yata ce, Yaya. Ina sonta. Ita kaɗai gare ni a garin nan. In aka tafi da ita ban san yadda zan yi ba."

'Yan Kwarin suka kau da kai. Alhaji Shitu ya yi gyaran murya, ya gyara hula, ya dubi ƙanensa. Abdulrauf ya yi magana ƙasa-ƙasa, yana kallon igiyar da ke hannunsa. Ya ce tun jiya ya mayar da takardar zaman yarinyar, an buga mata hatimin fita, ko an so ko ba a so sai ta bar ƙasar. Ya ce an yi wa Hajiya waya, har ta sa an gyara ɗaki.

"A sake nema," in ji Turai. "A sake waya."

"Cin rana ɗaya ai ba ƙiba ba ne," in ji Alhaji. Ba da faɗa ya faɗa ba, da tausayi ma, abin da ya fi ciwo ke nan. "Amma alhamdu lillahi, kin kawo labari mai daɗi. Da ma abin da ke damuna yadda za ta jure doguwar tafiyar nan ba komai a ciki. Ki ƙara ba ta wani abu yau ta yi ƙarfi. Tashi, Turai, tashi, mutane na kallo."

Ta tashi. Ta yafa mayafinta, ta koma ta hau motocin nan biyu ta ɗauko yarinyar.

Da la'asar tana zaune bakin katifa da jaka a buɗe, tana ninke 'yan riguna. Mas'uda tana tsalle a bayanta, bakin da ya yi wata da watanni a rufe yau ya ƙi tsayawa. Ta ba da labarin yadda taɓo ya riƙe wa wata takalmi, da yadda Apo ta nuna musu inda ake yanka, a bar gaɓa biyu a ƙasa.

"Umma, Apo ta ce in an yanka sake tofowa yake yi. Gobe ma za a soya wanda ya rage, kuma ni ce mai raba kwano. Ki tashe ni da wuri, kin ji? Kada mu makara."

Turai ta ɗauki rigar makarantar, ta riƙe ta, ta rasa ko a jaka za ta sa ko a ƙusa za ta rataye.

"Umma, kin ji?"

"Na ji," in ji Turai. "Zan tashe ki da wuri."